Yadda Ake Amfani da Littafin Masu Farawa Wajen Koyon Karatun Katin Tarot

Wanda ya sayi sabon kwalin katin tarot, wato karta mai kati 78 da wasu ke amfani da ita wajen duba, yakan tarar da wani ɗan littafi a cikinsa, siriri, mai ƙananan haruffa, wanda girmansa bai wuce na katunan kansu ba. Wannan ɗan littafi yana ba kowane kati kalmomi uku ko huɗu, ya ce wannan na nufin tafiya, wancan na nufin asara, sai ya wuce, ba tare da ya faɗi dalilin da ya sa aka jingina wa katin wannan ma'ana ba, balle wanda ya fara jingina ta ko shekarar da aka yi hakan. Mai koyon da ya dogara da shi kaɗai zai yi haddar aku, kuma kafin mako biyu su cika ma'anonin za su cakuɗe masa, ya rasa wacce ce ta wane kati. Cikakken littafin masu farawa, wato mai ɗauke da hoton kowane kati da bayanin abin da ke cikin hoton da asalin ma'anarsa, shi ne ke cike wannan giɓi. Babban amfaninsa shi ne yana nuna cewa tarot gini ne da mutane suka yi hawa-hawa, a garuruwa sanannu da shekaru sanannu, kuma duk wanda ya gane yadda aka ɗora tubalan ba ya bukatar haddace ma'ana 78 ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko: a tantance abin da ake nema

Kafin a kashe ko sisi a kan littafi, ya kamata mai koyo ya gaya wa kansa gaskiya game da abin da ya kawo shi. A ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne duba, domin an san bugun ƙasa, an san watsa wuri, kuma an san hukuncin da malamai suka yi a kansu. Alƙur'ani ya bayyana a Suratun Namli cewa babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah, kuma hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya yi gargaɗin cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Littafi Mai Tsarki na Kiristoci shi ma ya hana duba. Saboda haka wanda ke neman katin da zai faɗa masa ranar aurensa ko makomar kasuwancinsa, wannan bayani ba nasa ba ne, kuma a ganina babu littafin da zai ba shi abin da yake nema, domin takarda da tawada ba su san gobe ba.

Akwai dai wasu masu bukata ta daban. Ɗalibin adabin Turai yakan ci karo da waɗannan katuna a cikin waƙoƙi da ƙagaggun labarai, mai fassara yakan gamu da su a fim ya rasa yadda zai bayyana su, mai zane yana son sanin yadda hoto ɗaya ke ɗaukar labari, mai nazarin al'adu kuma yana son fahimtar abin da ya sa bidiyon masu jan kati suka cika TikTok da YouTube. Duk waɗannan suna bukatar su iya karanta katin, wato su san abin da masu amfani da shi ke nufi idan sun aza shi a kan tebur. Abin da matakan da ke tafe za su koyar ke nan.

Mataki na biyu: a auna littafin da ma'aunin tarihi

Hanya mafi sauri ta gane littafi mai kyau ita ce a buɗe babin da ya yi magana a kan asalin tarot, tun ana tsaye a kanti ko ana duba samfurin shafukansa a intanet. Domin a iya yin wannan awo, dole mai koyo ya riƙe wasu 'yan bayanai a ka.

Kartar wasa ta shiga Turai ne a shekarun 1370, kuma masana tarihi sun yi ittifaƙi cewa daga daular Mamluk ta Masar ta fito. Akwai tsohuwar kartar Mamluk da aka adana a fadar Topkapi da ke Istanbul, mai gidaje huɗu: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan wasan folo. Katunanta na sarki da mataimakansa suna ɗauke da sunayen Larabci irin su malik da na'ib, kuma ba a zana siffar mutum a kansu ba, sai ado da rubutu. Turawa da suka karɓe ta ba su san folo ba a lokacin, sai suka mayar da sandunan folon sanduna na gama-gari. A arewacin Italiya, wajen shekarar 1440, aka ƙara wa wannan karta jerin katuna masu hotuna na musamman waɗanda ke cinye sauran a wasa, aka kira su trionfi, kuma sai a farkon ƙarni na 16 sunan tarocchi ya bayyana, wanda Faransawa suka mayar tarot. Ɗaya daga cikin tsofaffin da suka rage ita ce wadda aka zana da hannu, da ruwan zinare, domin gidajen sarautar Visconti da Sforza na Milan a tsakiyar ƙarni na 15. Katuna 74 daga cikinta suna nan har yau, a rarrabe tsakanin New York da Bergamo.

Abin lura a nan shi ne, fiye da shekara 300 tarot abin wasa ne kawai, kamar yadda samari ke zama su buga wot a bakin titi. Har yanzu ma ana buga shi a matsayin wasa a Faransa, inda aka kafa ƙungiyar wasan ta ƙasa a 1973 kuma ake shirya gasa, haka nan a Ostiriya da birnin Bologna. Sai a 1781 wani malamin cocin Furotesta mai suna Antoine Court de Gébelin ya wallafa cewa wai katunan ragowar wani littafin hikima ne na firistocin tsohuwar Masar. Bai kawo hujja ko ɗaya ba, kuma a lokacin babu wanda ke iya karanta rubutun Masar na dā, domin sai a 1822 wani masani Bafaranshe mai suna Champollion ya warware shi, kuma da aka warware ba a sami komai game da tarot a ciki ba. Amma maganar ta riga ta bazu. Wani mutumin Paris, Jean-Baptiste Alliette, wanda ya juya sunansa ya koma Etteilla, ya wallafa jagorar duba da katunan a cikin shekarun 1780. A tsakiyar ƙarni na 19 wani marubuci Bafaranshe, Éliphas Lévi, ya haɗa katunan nan 22 masu hotuna na musamman, waɗanda ake kira manyan katuna, da haruffa 22 na Ibrananci, sannan wata ƙungiyar asiri da aka kafa a Landan a 1888, mai suna Golden Dawn, ta ɗora nata tsarin na taurari da sinadarai huɗu, wato wuta da ruwa da iska da ƙasa, a kai.

To, da wannan ma'auni sai a duba littafin. Idan marubucin ya ce tarot daga Masar ta Fir'auna ya fito, ko ya ce babu wanda ya san asalinsa, a mayar da littafin inda aka ɗauko shi, domin wanda ya yi sakaci da abin da ke rubuce a kundin tarihi ba zai yi taka-tsantsan da sauran bayanansa ba. Idan kuwa ya ambaci Italiya da ƙarni na 15, ya kuma bambanta zamanin wasa da zamanin duba, to an sami abin farawa. Masanin falsafar nan na Jami'ar Oxford, Michael Dummett, shi ne ya yi babban aikin tace wannan tarihi a littafinsa na 1980, kuma marubuta masu kula sukan ambace shi. Ganin sunansa a babin tarihi alama ce mai kyau.

Mataki na uku: a tabbatar littafin da katin jinsi ɗaya ne

A nan ne masu farawa suka fi yin asarar kuɗi. Tarot ba iri ɗaya ba ne, kuma manyan jinsunansa uku ne. Akwai na Marseille, tsohon salon Faransa wanda bugun Nicolas Conver na 1760 ya zama sanannen misalinsa, inda ƙananan katuna masu lamba ɗaya zuwa goma ba su da hoton mutane, takubba biyar kawai za a gani ko kofuna bakwai a jere. Akwai wanda aka buga a Landan a 1909, wanda Arthur Edward Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana, kamfanin Rider ya wallafa, shi ya sa ake kiransa Rider-Waite-Smith. Sai na Thoth, aikin Aleister Crowley da mai zane Frieda Harris, wanda aka zana a shekarun yaƙin duniya na biyu amma bai fito kasuwa a matsayin kati ba sai a 1969.

Bambancin ba na ado ba ne kawai. A na Marseille katin Adalci shi ne na 8, katin Ƙarfi na 11, amma Waite ya musanya su domin su dace da tsarin taurarin ƙungiyarsa ta Golden Dawn. Na Thoth ya sauya wa wasu katuna suna, ya kuma sake fasalin 'yan fada, wato katunan sarki da sarauniya da fadawansu. Ni kaina na taɓa zama da littafin da aka rubuta a kan katin 1909 alhali katin da ke hannuna na Marseille ne, ina karanta bayanin wata zuciya da takubba uku suka soke a ƙarƙashin hadari, ina duba katina ban ga zuciya ba, ban ga hadari ba, sai takubba kawai da ganye. Na ɗauka fahimtata ce ta gaza, ashe tun a kanti aka yi kuskuren.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki jinsin 1909, saboda dalilai biyu. Yawancin littattafan koyo a kansa aka rubuta su, kuma Smith ta zana cikakken hoto mai labari a kan kowane ƙaramin kati, abin da kafin ita ba a cika yi ba in ban da wani tsohon katin Italiya na ƙarshen ƙarni na 15 da ake kira Sola Busca. Hoto mai labari ya fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da lissafin takubba. A duba bangon littafin ko gabatarwarsa, za a ga jinsin da ya bi. Idan bai faɗa ba, a buɗe kati na 8 a ga ko Ƙarfi ne ko Adalci.

Wanda ba ya son sayen katin ma yana iya koyo da hotunan da ke cikin littafin, muddin an buga su da girma kuma a sarari.

Mataki na huɗu: a koyi ginin kafin ma'ana

Ranar farko ba ranar karanta ma'anoni ba ce. A sami tabarma ko faffaɗan tebur, a baje katunan duka 78 fuskarsu sama, a buɗe babin littafin da ke bayanin tsari, sannan a ware su da hannu. Manyan katuna 22 ne, masu lamba daga sifili zuwa 21, a aza su a layi ɗaya: Wawa, Mai Siddabaru, Babbar Malama, Sarauniyar Daula, Sarkin Daula, Babban Limami, Masoya, Keken Doki, Ƙarfi, Mai Halwa, Juyin Sa'a, Adalci, Ratayayye, Mutuwa, Tsakaitawa, Shaiɗan, Hasumiya, Tauraro, Wata, Rana, Hisabi, Duniya. Ragowar 56 su ne ƙananan katuna, gida huɗu, kowane gida da kati 14: daga ɗaya zuwa goma, sai 'yan fada huɗu, wato yaron sarki, barde, sarauniya da sarki.

A jera ƙananan a layuka huɗu, gida ɗaya a kowane layi, ta yadda duk masu lamba biyar za su kasance a tsaye ɗaya bisa ɗaya, haka masu lamba shida, har zuwa ƙarshe. A nan ne littafi mai kyau ke nuna darajarsa, domin zai bayyana cewa ma'anar ƙaramin kati tana fitowa ne daga mahaɗar abu biyu, gidansa da lambarsa. Bisa tsarin da littattafan wannan jinsi ke bi, sanduna na wuta ne, suna magana a kan himma da aiki da buri. Kofuna na ruwa ne, suna magana a kan soyayya da zumunci da abin da ke zuciya. Takubba na iska ne, suna magana a kan tunani da magana da husuma. Tsabar kuɗi, waɗanda aka zana wa tauraro mai tsini biyar a katin 1909, na ƙasa ne, suna magana a kan dukiya da sana'a da lafiyar jiki. Lambobi kuma suna tafiya kamar labari: ɗaya mafari ne, biyu haɗuwa ko zaɓi, huɗu zama da kafuwa, biyar rikici ko rashi, goma cikar al'amari har ya yi yawa.

A gwada wannan da ido. A dubi layin masu lamba biyar daga sama zuwa ƙasa: a gidan sanduna samari biyar ne ke kai wa juna duka, a gidan kofuna mutum ne cikin baƙar alkyabba yana kallon kofuna uku da suka zube alhali biyu na tsaye a bayansa, a gidan takubba wani ne ke tattara makaman waɗanda ya kayar suna tafiya, a gidan kuɗi kuwa matalauta biyu ne ke ratsa ƙanƙara a gindin tagar coci mai haske, ɗayansu da sandunan guragu. Rashi ne iri ɗaya ya sa riga huɗu. Wanda ya ga wannan da kansa ya rage wa kansa aikin hadda da yawa, domin gida huɗu da lamba goma, abu 14 ke nan, sun buɗe masa kati 40.

Mataki na biyar: ido kafin littafi, alƙalami bayan littafi

Daga rana ta biyu sai a shiga katunan ɗaya-ɗaya, kuma kati biyu a rana sun isa, wanda ke nufin za a gama zagaye na farko cikin kwana 39. A tanadi littafin rubutu mai kauri, a ba kowane kati shafinsa, a raba shafin gida uku.

A kashi na farko a rubuta abin da ido ya gani kawai, littafin koyo yana rufe. Mutum nawa ne a hoton, ina suka fuskanta, me ke hannunsu, wane launi ne sararin sama, akwai ruwa ko dutse ko gini a baya? Idan katin Wawa ne, sai a rubuta cewa saurayi ne a bakin gangaren dutse, kansa a sama, ƙunshin kaya a kan sanda, farin fure a hannu, ɗan farin kare na tsalle a ƙafarsa. A kashi na biyu a buɗe littafin a rubuta abin da ya faɗa, amma da kalmomin mai koyo, kuma zai fi kyau a rubuta da Hausa ko da littafin da Turanci ko Faransanci yake, domin abin da mutum ya kasa mayarwa harshensa bai gama fahimtarsa ba. A kashi na uku a rubuta inda aka sami saɓani tsakanin ido da littafi, da kuma amsar tambaya guda: daga ina wannan ma'ana ta fito?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ke raba littafi mai zurfi da na kasuwa, kuma katin Ratayayye misali ne da ya isa. Littattafan zamani suna cewa yana nufin haƙuri, da sadaukarwa, da kallon al'amari ta wata fuska, kuma lalle a zanen Smith fuskar mutumin a natse take, har da haske kewaye da kansa. Amma a Italiya ta ƙarni na 15 zana mutum a rataye da ƙafa ɗaya, kai a ƙasa, hukuncin tozarci ne da ake yi wa maciya amana, ana zana su haka a bangon gari domin kowa ya gani, kuma wasu tsofaffin jerin sunaye suna kiran katin maci amana kai tsaye. Hoto ɗaya ne, amma cikin shekara 400 ya tashi daga abin kunya ya koma abin yabo. Littafin da ya faɗi haka ya koya wa mai karatu cewa ma'anonin nan aikin mutane ne, kuma suna sauyawa da zamani.

Katin Juyin Sa'a ya fi sauƙin shiga kan Bahaushe. A katin Milan an zana mutum huɗu a jikin wata ƙafar keke mai juyawa, da rubutun Latin kusa da kowannensu: mai hawa yana cewa zai yi mulki, na sama yana cewa yana mulki, mai gangarowa yana cewa ya yi mulki, na ƙasa kuma yana cewa ba shi da mulki. Duk wanda ya taɓa jin an ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, ya riga ya san abin da katin ke faɗa, kuma irin wannan karin magana ne ya kamata a rubuta a shafin, domin ya fi kowace fassara zama a rai. Haka katin sanduna goma, inda mutum ya rungumi sanduna goma ya sunkuya yana nufar gari, ba ya ko ganin gabansa. Wanda ya rubuta a ƙasansa cewa an ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuya ba zai sake mantawa ba.

Katin Mutuwa, mai lamba 13, shi ne wanda fina-finai suka fi tsorata mutane da shi. A zanen 1909 ƙwarangwal ne cikin baƙin sulke a kan farin doki, riƙe da baƙar tuta mai farin fure, sarki ya faɗi a ƙasa, limamin coci da yaro da budurwa suna gabansa, can baya kuma rana na tsakanin hasumiya biyu. Kusan duk littattafan koyo suna fassara shi da ƙarshen wani babi da farkon wani, kuma mai fassarar fim da ya san haka zai gane lokacin da marubucin fim ɗin ya yi amfani da katin domin tsoratarwa kawai.

'Yan fada 16 su ne suka fi ba masu farawa wahala, kuma littattafai da yawa suna gaggawa a kansu. A bar su zuwa ƙarshe, a karanta su gida-gida, a ɗauke su a matsayin halayen mutane: barden takubba mai gaggawa ne da kaifin baki, barden kuɗi kuwa dokinsa a tsaye yake cik, mai aiki ne sannu a hankali.

Mataki na shida: a jinkirta katin da ya juye

Tun zamanin Etteilla ake ba kati ma'ana ta biyu idan ya fito kai a ƙasa, wanda ke mayar da ma'anoni 78 su zama 156. A tsallake wannan sashe na littafin gaba ɗaya a zagaye na farko. Marubuta ma ba su daidaita a kansa ba, wasu na cewa kishiyar ma'ana ce, wasu na cewa raunin ma'ana ne ko jinkirinta, wasu kuma ba sa amfani da shi sam.

Mataki na bakwai: a koyi haɗa katuna

Karatu na gaske yana farawa ne idan kati ya zauna kusa da ɗan'uwansa. Kowane littafin koyo yana da babi a kan shimfiɗa, wato yadda ake aza katuna a gurabe masu suna, kuma mafi shahara ita ce mai kati goma da Waite ya yaɗa a littafinsa na jagora, wadda ake kira gicciyen Celtic. Masu farawa sukan ruga gare ta saboda ta fi kama da abin da suka gani a bidiyo, sai su tsinci kansu da hotuna goma da gurabe goma ba su san ta inda za su kama ba. A fara da kati uku, a ba gurabensu suna mai sauƙi: halin da ake ciki, abin da ke kawo cikas, abin da ke taimakawa.

Lissafi zai nuna iyakar kowane littafi a nan. Hanyoyin da kati uku za su iya fitowa a jere daga cikin 78 sun kai 456,456, kuma babu marubucin da zai iya bayanin kowacce. Abin da littafi mai kyau ke yi shi ne ya kawo misalai biyar ko shida cikakku, ya nuna yadda aka ɗinke katuna uku suka zama jimla ɗaya, kuma ya kamata a tabbatar akwai irin waɗannan misalai tun kafin a saya. Hanyar atisaye da na fi amincewa da ita, wadda kuma ta nisanta mai koyo daga duba, ita ce a yi aiki da labarin da aka riga aka san ƙarshensa. A ɗauki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko wani labari daga tarihi, a zaɓo da gangan katuna uku da suka fi bayyana farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa, a rubuta dalilin zaɓen kowanne, sannan a duba littafin a ga ko ya yarda. Bayan an yi haka sau goma, sai a juya atisayen: a jawo katuna uku ba tare da zaɓe ba, a ƙirƙiri gajeren labari mai jimla biyar da su. Marubuta da masu zane da yawa a Turai da Amurka iyakar amfaninsu da katin ke nan.

Mataki na takwas: a lura da abin da zuciya ke ƙarawa

Cikin 'yan makonni mai koyo zai fara jin kamar katunan da shi suke magana, kuma yana da kyau ya san dalili. A 1948 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwaji, sannan ya ba kowannensu takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Da aka ce su auna dacewar bayanin daga sifili zuwa biyar, matsakaicin makin da suka bayar ya kai kusan 4.3, alhali takarda iri ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma ya tsinto jimlolin ne daga wani littafin taurari na bakin titi. Ma'anonin tarot irin waɗannan jimloli ne masu faɗi, domin babu mutumin da ba shi da wani rashi a baya, ko wani zaɓi a gabansa, ko wani nauyi a wuyansa. Ana iya gwada wannan a gida: a jawo kati, a karanta ma'anar wani kati daban ba tare da an sani ba, ta hanyar sa wani ya buɗe shafin da ya ga dama ya karanto, za a tarar ita ma ta dace. Littattafan koyo kaɗan ne ke ambaton wannan gwaji, saboda haka mai koyo ya rubuta shi da hannunsa a shafin farko na littafin rubutunsa.

Mataki na tara: littafi na biyu

Kada a sayi littattafai uku a lokaci guda, domin kowane marubuci da tasa fassarar, kuma mai farawa ba shi da abin da zai tace su da shi. A zauna da ɗaya har a gama zagayen kwana 39, a sake zagaye na biyu wanda za a haɗa da katunan da suka juye, sannan a nemi na biyu. Na biyun ya kamata ya bambanta da na farko a manufa: idan na farko na ma'anoni ne, na biyu ya zama na tarihi da zane, ko kuma littafin Waite kansa, wanda ya tsufa har ana samunsa kyauta a intanet, ko da yake Turancinsa mai nauyi ne kuma yana yawan ɓoye abin da yake nufi. Da an samo shi, a zaɓi katuna biyar, a buɗe littattafan biyu gefe da gefe, a ƙara kashi na huɗu a shafin kowane kati inda za a rubuta abin da suka yi tarayya a kai da abin da suka saɓa. Katin takubba shida wuri ne mai kyau na farawa, wanda ke nuna mai fito yana tura kwalekwale da mace da yaro a ciki, takubba shida a kafe a gabansu. A duba ko marubutan biyu sun ɗauke shi tafiya ce ta ruwa kawai, ko ƙaura daga wahala, sannan a koma ga hoton a ga wanne ne ya lura cewa ruwan da ke gefe ɗaya na kwalekwalen yana motsi, na ɗaya gefen kuma a kwance yake.